Wai gudu na zo koya har Kudu?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake da jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Daren Talatar nan, bayan mun idar da sallar isha'i a masallacin makaranta, wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya ya ja ni gefe. Ba zan faɗi sunansa ko jiharsa ba, kuma da izininsa nake wannan rubutu. Ya ce, "Yaya, ni fa gida zan koma." Na ce lafiya? Ya ce likitanci ya cike a JAMB, makinsa bai kai ba, sai aka tura shi Human Kinetics. Da ya kira gida ya yi bayani, mahaifinsa ya ce masa, "Yanzu duk kuɗin mota da na haya da ake kashewa, gudu da tsalle ka je koya har ƙasar Yarbawa? Ai filin ƙwallon unguwa ya ishe ka." Abokan ɗakinsa kuma tuni sun laƙaba masa suna Koci.

Na yi dariya, sai kuma na ga idonsa ya kawo ruwa, na shiga taitayina. Ni ma haka aka yi mini. Shekarata ta farko a sashen nan, a gida Malamin Fareti ake kirana, kuma sau biyu ina sayen fom ɗin JAMB a ɓoye. Yanzu ina ajin ƙarshe, aikin bincikena a kan motsa jiki ga masu hawan jini yake. A daren nan sauro bai bar mu mun gama magana ba, don haka ga sauran, ko wani ma zai amfana.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: a cikin kos ɗin nan akwai reshe guda wanda aikin lafiya ne na gaske, kuma mutanenmu suna cikin waɗanda suka fi buƙatarsa. Amma takardar da za ka fita da ita, har yau ba a ajiye mata kujera a asibitocin Najeriya ba. Duk wanda ya gaya maka ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ya ɓoye maka ɗayar, bai yi maka adalci ba.

Reshen da nake nufi shi ne kimiyyar motsa jiki ta jinya. Wato sanin abin da ke faruwa a zuciya da huhu da jijiyoyi da tsoka idan mutum ya motsa, sannan a yi amfani da wannan sani a auna wa marar lafiya motsin da ya dace da shi, kamar yadda likita yake auna masa ƙwaya: wane iri, sau nawa a mako, da wane ƙarfi, minti nawa, yaushe za a ƙara, yaushe za a tsaya cak. Mai ciwon suga, mai hawan jini, wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, mai ciwon huhu, mai ƙiba, wanda ake yi wa wankin ƙoda, wanda ya gama shan maganin daji jikinsa ya mutu murus. Waɗannan su ne mutanenmu. Ɗan ƙwallo yana da nasa reshen daban.

Kuma ba jiya aka fara maganar ba. A 1953 wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, gari ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa. Direba yana zaune yini guda, kwandasta yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai ya tarar kwandastoci sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya, idan ma ya kama su bai cika yi musu kisan farat ɗaya ba. A zamanin nan, wanda ya samu bugun zuciya kwantar da shi ake yi a gado har wajen mako shida, ko juyi mai ƙarfi ba a so ya yi. Can a 1966 aka yi wani gwaji a Dallas ta Amurka: samari biyar masu shekara 20, lafiyarsu ƙalau, aka kwantar da su mako uku ba tashi. Da suka miƙe, ƙarfin jikinsu na jan iskar oksijin ya yi aiki da ita ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo su aka auna. Kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 yi musu ɓarna. Ranar da malaminmu ya kawo wannan a aji, ban ji sauran lakcar ba, hankalina yana gida wajen Baffana.

Baffana ƙanen mahaifina ne, ɗan kasuwa, yadi yake sayarwa. Tun ina yaro zamansa ɗaya: daga gida zuwa shago a mota, a shago kan kujera daga safe har magariba, yara ne ke ɗauko kaya suna mayarwa. Abinci a kawo masa inda yake. Da tumbi ya fito kowa ya ce masha Allah, Alhaji an samu hutu. Shekara ta zo aka ce yana da suga, ba a jima ba aka ce jininsa ma ya hau. Kun san abin da gida suka yi? Suka ƙara masa hutu. Masallacin da yake takawa, tafiyar minti biyar, aka ce yaro ya riƙa kai shi a babur. Buta ma ba a bari ya ɗauka. Duk cikin ƙauna aka yi wannan, ba mai musu. A wajenmu idan kana son babba, to ka hana shi wahala, kuma duk motsi wahala muke ɗaukarsa. Babban mutum ba ya tafiya a ƙasa. Idan aka gan shi yana sauri a titi da sassafe, kafin azahar labari ya zaga cewa ko dai karayar arziki ce ko kuma wani abu ya taɓa shi. Ita kuwa Hajiya, ina ma za ta je? Daga ɗaki sai tsakar gida, da ta samu surukai kuma ko tsintsiya an karɓe.

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba don rayuwarsu kanta motsi ce: noma, daka, ɗebo ruwa, tafiyar ƙafa zuwa kasuwar ƙauye. Mu muka gaji cin tuwonsu, muka ƙara da lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu, muka bar musu wahalar. Acaɓa da Adaidaita suka ƙarasa sauran.

Yajin aikin 2022 ya zaunar da mu gida wata takwas, lokacin ina aji biyu. Na ce to ga dama ta samu, bari in gwada abin da na koya. Na lallaɓa Baffa, da ƙyar ya yarda za mu riƙa tafiya bayan sallar asuba, lokacin da idon mutane bai buɗe ba. Muka fara da minti goma. Na yi masa bayanin abin da ya sa: tsokar da ke aiki tana zuƙar suga daga jini ta wata hanya da ba sai ta jira insulin ba, kuma bayan an gama, jiki yana ci gaba da jin insulin da kyau har kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a so a tsallake fiye da kwana biyu a jere. Ya ce shi dai bai gane ba, amma barcinsa ya gyaru.

A mako na uku na yi wautar da har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. Na ga yana jin daɗi, sai na ce yau mu ƙara nisa, mu yi minti arba'in. Ban tambaye shi wane magani yake sha ba, ban tambaye shi ko ya ci wani abu ba. Ashe ya haɗiyi ƙwayar sugarsa tun kafin mu fito, cikinsa wayam. Ƙwayar kuwa glibenclamide ce, irin wadda ke matsa wa jiki ya fitar da insulin ko da abinci ko babu. Muna kan hanyar dawowa na ga gumi yana keto masa, hannunsa yana rawa, na yi masa magana ya amsa mini da abin da ba shi na tambaya ba. Allah ya taimake ni akwai mai shayi a bakin titi ya fara hura wuta, ruwansa ya yi zafi. Na ce ya zuba suga da yawa. Muka zaunar da Baffa a benci ya sha, bayan kamar minti goma sha biyar ya dawo daidai. Da a ce wajen gari muka nufa inda ba kowa, ban san me zan gaya wa iyalinsa ba.

Washegari na raka shi asibiti na faɗa wa likitansa gaskiya. Ya wanke ni tas, kuma na cancanta. Amma da ya gama faɗa bai ce a daina ba. Ya ce tafiyar tana da kyau, shi ma ya sha gaya masa ya riƙa motsa jiki, sai dai ba shi da lokacin da zai zauna ya tsara masa. Ya mayar da tafiyar bayan karin kumallo, ya ce a riƙa gwada suga kafin a fita, a riƙe dabino a aljihu, ya kuma duba maganin. A ranar na gane abu biyu. Na farko, "ka riƙa motsa jiki" da likita yake faɗa a minti na ƙarshe kafin a kira na gaba, ba tsari ba ne. Mutum zai fito bai san ta ina zai fara ba, galibi kuma ba ya farawa. Akwai gurbi a nan da ba kowa a ciki. Na biyu, wanda zai tsaya a gurbin dole ya san aikinsa, don motsin da ke magani shi ne kuma zai iya kai mutum ƙasa.

Wannan sanin shi ne kos ɗin. Sugar jini idan ta sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, an shiga haɗari. Mai shan atenolol da danginsa, bugun zuciyarsa ba ya tashi kamar na kowa, don haka lissafin nan da ake yawo da shi na cire shekarunka daga 220 zai yaudare ka. Sai dai ka koma ga yadda yake jin nauyin aikin, ko ka gwada shi da magana: idan yana iya hira amma ba zai iya rera waƙa ba, yana daidai matsakaici. Mai hawan jini ba a barinsa ya riƙe numfashi yana ɗaga nauyi, don jinin tsalle yake yi a lokacin. Mai sugar da ta daɗe, ƙafarsa ba ta jin ciwo sosai, tsakuwa za ta shiga silifas ta yanke shi bai sani ba, daga nan gyambo, daga gyambo wani lokaci sai yanke ƙafa. Saboda haka takalmi rufaffe, kuma a duba tafin ƙafa kullum. Mai sikila, wanda kusan kowannenmu yana da shi a dangi, aikin ƙarfi cikin zafin rana da ƙarancin ruwa yana iya tayar masa da ciwo. Ciwon ƙirji, jiri, numfashin da ya wuce misali: a tsaya, a nemi likita, ba jarumta. Ga kuma tambayoyin da littattafanmu na aji ba su cika kulawa da su ba amma mu dole mu amsa: mai suga da ke azumi yaushe zai motsa? Tarawihi tana cikin lissafi? Tana ciki mana. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da wane lokaci mutum zai fita tafiya bai gasa kansa ba?

Amfanin ma ba tatsuniya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an ɗauki mutane fiye da 3,000 da suke gab da kamuwa da suga. Waɗanda aka ba metformin, kamuwarsu ta ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara abinci da rage ƙiba, tasu ta ragu da kashi 58. Ga mai hawan jini kuma, motsin da aka dawwama a kai yana sauke lambar sama da kamar 5 zuwa 8. Wani zai ce ɗan wannan? Ku tambayi 'yan likitanci da ke cikinmu abin da wannan ɗan yake yi wa haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Kuma kada wani ya je ya ce na ce a ajiye magani. Baffa har gobe yana shan nasa.

To, yanzu ɓangaren da ba ya yi mana daɗi.

A Najeriya, galibin wuraren da ake koyar da wannan fanni, irin su Ibadan da Legas da Zariya da Bayero, yana ƙarƙashin tsangayar ilimi ne. Ma'ana an gina digirin ne da tunanin za ka zama malami. Za ka yi darussan koyarwa, za ka je koyarwar gwaji a sakandare, za ka yi wasanni a fili har ka yi baƙi. Kimiyyar motsa jiki darasi ne cikin darussa a digirin farko. Ƙwarewa a kanta sai a digiri na biyu. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne lasisi. 'Yan fisiyo suna da hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, wadda aka kafa tun 1988, suna da shekarar horon asibiti bayan digiri, suna da matakin albashi da sunansu a jiki. A jerin sana'o'in da hukumar nan take ba lasisi, tamu ba ta ciki. Ka gama da sakamako mai kyau, ka je asibitin gwamnati da takardarka, mai ɗaukar aiki zai juya ta gaba da baya ya rasa layin da zai sa ka.

A wasu ƙasashen an wuce nan. A Ostareliya sana'a ce da aka amince da ita, kuma tun 2006 inshorar lafiyar gwamnati take biyan kuɗin ganinsu idan likita ya turo marar lafiya. A Afirka ta Kudu suna da rajista a majalisar da ke kula da likitoci da 'yan fisiyo. A Amurka ƙungiyar ACSM tana ba da shaidar ƙwarewa, amma kafin ka zauna jarrabawar sai ka kawo awa 1,200 na aiki da marasa lafiya idan digirin farko gare ka, ko awa 600 idan kana da na biyu a fannin. Ku lura da wannan sharaɗi, don a nan masu mafarkin fita waje suke tuntuɓe. Ba sunan kos suke tambaya kawai ba. Marasa lafiya nawa ka taɓa, a ƙarƙashin wa, awa nawa, ina shaida? Ni a shekaruna na nan, sau ƙalilan na ga an kunna injin tafiyar da ke ɗakin gwajinmu; ko ba wuta, ko ana jiran mai gyara. Na'urar ECG kuwa a hoto na fara saninta. Idan ka tsaya ga abin da aji ya ba ka kaɗai, za ka fita da haddar ma'anoni, hannunka bai taɓa naɗa wa tsoho abin awon jini ba.

To ina ake zuwa da shi? Mafi yawan waɗanda suka riga mu koyarwa suke yi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Yaron da ya samu malamin PHE na kirki ya fi wanda aka bar shi da ƙwallo ɗaya da rana. Wasu suna gidajen motsa jiki a Legas da Abuja da Fatakwal, inda masu kuɗi ke biyan mai horar da su. Wasu sun shiga soja da sauran aikin ɗamara, wasu suna tare da ƙungiyoyin wasa, wasu sun wuce digiri na biyu da na uku sun zama malaman jami'a. Aikin jinya tsantsa, irin na farfaɗo da masu ciwon zuciya a asibiti, guraben kaɗan ne ƙwarai, kuma inda ake yinsa galibi 'yan fisiyo ne ke riƙe da shi.

A nan zan ɗan taɓa 'yan sashenmu, ku yi haƙuri. Na ga wasunmu suna sa farar riga suna ɗaukar hoto, suna barin mutanen unguwa na kiransu Dakta. Na ga wanda yake karɓar mai shanyewar ɓarin jiki yana murza shi a ɗaki. Wallahi wannan ba namu ba ne, kuma shi ne zai sa a daɗe ba a yarda da mu ba. Gano cuta da rubuta magani na likita ne. Wanda ya samu shanyewa, ko karaya, ko aka yi masa tiyata, farfaɗo da gaɓoɓinsa na ɗan fisiyo ne. Namu yana farawa ne inda likita ya ce wannan ya daidaita, yana buƙatar motsi na tsawon rai, a tsara masa a bi shi. Rigimar da ake yi a hostal ta wa ya fi wa tsakaninmu da 'yan fisiyo ɓata lokaci ce. Su suna da doka a bayansu, mu ba mu da ita tukuna, kuma ba da cika baki ake samunta ba.

Duk da haka ban ce wa ƙanen nan ya tafi ba. Gurbin da na gani a ɗakin likitan Baffa yana nan a kowane gari namu, kuma ba sai gwamnati ta buɗe layi za a fara cike shi ba. Likita mai asibitin kansa da ke ganin masu suga hamsin a mako, idan ya samu wanda zai karɓi mutanen nan ya tsara musu tafiya, ya gwada su kafin da bayan, ya rubuta komai ya dawo masa da rahoto a kan takarda, kuna ganin zai kore shi? Kayan farawa ba su fi ƙarfin mutum ba: abin awon jini, na'urar gwada suga, agogo, tef na awo, kujera, da fili mai tsawon mita 30 don gwajin tafiyar minti shida. Abin da ya fi kayan tsada shi ne amana, da kuma harshe. Dattijon da ba zai saurari yaro mai gajeren wando yana yi masa turanci ba, zai saurari wanda ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce "Baba, masallacin Juma'a za mu riƙa takawa maimakon na ƙofar gida." Mu muka san cewa ba za ka ce wa Alhaji ya sa kayan wasanni ba. Mu muka san me ake ci da sahur. Abokan karatunmu 'yan nan sun fi mu samun gidajen motsa jiki na zamani, amma wannan kasuwar ba mai shigarta sai mu.

'Yan uwa mata, ku kuma naku ya fi na kowa. A ajinmu mace 'yar Arewa ɗaya ce tal, kuma na san irin maganganun da ta sha, daga gida da kuma daga wajenmu mu maza, abin kunya. Amma ku duba iyayenmu mata: ciwon gwiwa, ƙiba bayan haihuwa, suga, hawan jini, zaman wuri ɗaya. Namiji ba zai shiga cikin gida ya koya wa matar aure motsa jiki ba, ita ma ba za ta je inda maza suke ba, kuma tana da gaskiyarta. Mace mai wannan ilimi da za ta tara mata goma a tsakar gida ko a ajin Islamiyya bayan an tashi, da hijabinsu da komai, ta gwada jininsu, ta sa su motsi na minti talatin, ta san wadda za ta ce wa "Hajiya, ke yau zauna, gobe ki ga likita", wannan ba za ta rasa aiki ba. Ni ban isa in yi wannan aikin ba ko da na fi kowa maki.

Ga wanda ya yanke zai zauna, abin da na yi nadamar rashin yi da wuri shi zan gaya masa. Darussan sassan jiki da yadda jiki ke aiki, kada ka yi musu karatun tsallake jarrabawa. Su ne jarinka. Ka yi abota da 'yan likitanci da 'yan fisiyo da 'yan jinya, ka ari littattafansu, ka roƙe su su koya maka awon jini da hannu har kunnenka ya saba. Ka nemi horon ceton rai na gaggawa, irin na danna ƙirji, ka karɓi shaidarsa. Duk hutu, maimakon kwana a gida, ka je wani asibiti ka roƙi a bar ka ka tsaya a sashen fisiyo ko asibitin masu suga ko da ba ko sisi, kuma ka buɗe littafi kana rubuta ranar da awannin, mai kula da kai yana sa hannu. Ni sai a aji uku na fara, awannin da na tara ba su taka kara sun karya ba. Aikin bincikenka na ƙarshe kuma ka yi shi a kan mutane masu ciwo na gaske, ka bar taken nan da aka gaji da shi na ra'ayin ɗalibai game da wasanni.

Wanda kuma zuciyarsa take kan likitanci, har yanzu idan ya ga masu farar riga sai ransa ya sosu, ni ba zan riƙe shi ba. Ya sake JAMB, Allah ya ba da sa'a, shekara ɗaya ba komai ba ce. Abin da ba na so shi ne zaman da na yi a shekarata ta farko: jiki a aji, rai a wani wuri, ba ka tafi ba kuma ba ka zauna ba, sakamako ya lalace ta yadda ko canjin kos ɗin ma ba zai yiwu ba. Kuma don Allah masu laƙaba suna, ku rage. Yaro ya baro iyayensa ya yi tafiyar kwana guda a mota, bai san kowa a garin nan ba sai mu.

Baffa yanzu da ƙafa yake zuwa kasuwa kwana huɗu a mako, direba ya biyo shi da mota daga baya. Abokansa biyu sun bi sahu. Har yanzu idan na kira shi sai ya ce, "Malamin Fareti, ya karatu?"

Shi kuma ƙanen namu ya ce zai ƙarasa wannan zangon kafin ya yanke shawara. Ranar Asabar bayan la'asar ni da wasu 'yan uwa biyu daga likitanci za mu shiga Sabo mu gwada wa dattawanmu jini a ƙofar masallaci, mun riga mun yi magana da liman, kuma shi zai riƙe mana littafin rubuta sunaye. Muna da abin awo guda biyu kacal. Duk mai na uku ya taimaka ya ara mana, ya same ni a masallaci bayan magariba.